Atiku da Karen Baffa Sa'adu

Atiku ɗan Kaltume ya dawo Goronyo daga Ikko da jaka ɗaya, da baƙaƙen kayan masu gadi, da hula mai baki, da kuma labari wanda ya fi jakar nauyi. Kafin Ikko ya taɓa Zariya, ya sayar da agogo a Fatakwal, ya yi dakon siminti a Abuja, ko'ina ƙafarsa ba ta ɗumi kafin ya ƙara gaba. A Ikkon ne ya fi daɗewa, yana gadin gidan wani attajiri mai manyan karnuka. Aikinsa buɗe ƙofa ne da rufewa, kuma duk sa'ad da aka saki karnukan nan, Atiku kan faɗa ɗakin gadi ya danna sakata, ya riƙa leƙensu ta taga. Amma kafin labarin ya iso teburin mai shayi na bakin tasha, ya riga ya zama shi ne mai horar da su.

"Karen Turawa," in ji shi, yana kaɗa shayi da cokali, "tsawo nai ya kai jaki. In nic ce mashi zauna, shi zauna. In nic ce tashi, shi tashi. Akwai guda da nik koya ma buɗe firiji."

Mas'uda taubashiyarsa, wadda take suyar waina a gefen teburin, ba ta ko ɗago kai ba. "Kai da ko kaza ba ka kamawa sai an taya ka?"

"Mas'uda, ke waina kinka sani. Wanga ilimi na."

"Shi karen, in ya buɗe firijin, mi shika ɗauko ma? Ƙarya mai sanyi?"

Aka kwashe da dariya. Atiku ya ajiye kofi, ya miƙe, ya gyara hula, ya bayyana wa jama'a shirinsa. Lokacin an gama kwasar albasa, kowane rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a bayan gari cike yake, masu ita suna kukan ɓarayi da awaki. Shi zai buɗe kamfanin gadi na karnuka. Kare a bakin kowane rudu, shi kuma bisa babur yana zagayawa da usur. Daga Goronyo sai Wurno, daga Wurno sai Raba, daga nan sai a fara kiransa a Sakkwato.

"Karnuka nawa ag gare ka yanzu?" in ji mai shayi.

"Suna hanya."

A gida ma bai samu sauƙi ba. Inna Kaltume tana tankaɗe ya zo mata da zancen.

"Kare? Cikin gidan ga da nika salla?"

"Inna, ba karen bola na ba, ma'aikaci na."

"Ma'aikacin mi za shi ci?"

"Wanga ƙaramin abu na."

"Kai kanka wa ka ba ka abinci?"

Atiku ya yi kamar bai ji ba. Ya riga ya sami labarin cewa karyar Baffa Sa'adu ta haihu. Baffa Sa'adu makiyayi ne, aminin marigayi mahaifinsa Abdulƙadiri, rugarsa na bayan gari ta hanyar Taloka. Da safe Atiku ya sa baƙaƙen kayansa ya nufi can.

Ya iske tsohon a gindin aduwa yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa mai tsawo, an tambayi shanu an tambayi Ikko, sai Atiku ya hango 'yan kwikwiyo suna turereniya a cikin uwarsu. Akwai wani mai fararen ƙafafu, kamar an sa masa safa. Nan take ya shiga ransa. Ya tsaya daga nesa, don uwar tana kallonsa, ya nuna da yatsa.

"Baffa, wancan nika so. Shi za shi zama babban jami'i."

Baffa Sa'adu ya ci gaba da tufka. "Ina za shi kwana?"

"Ohis."

"Ina ohis ɗin?"

"Ana shirin gini nai."

"Mi za shi ci?"

"Nama na gwangwani, irin na Ikko."

"To ran da ƙahwarka tat tashi, kan nuhi Kwatano ko wata uwa duniya, wa ka zama da shi? Kare ba agogo na ba, da za ka jehwa aljihu."

"Baffa, ai na dawo ke nan."

"Haka kac ce wancan karon."

Atiku ya shiga rantsuwa, ya kawo labarin firiji, ya ƙara masa da wani kare da ya koya wa gane ɓarawo ta tafiyarsa. Tsohon ya bar shi ya gama, sa'an nan ya yi fito. Wani baƙin kare, siriri, mai yagaggen kunne, ya taso daga inuwar shinge ya zo ya zauna.

"Wanga Ɓaleri na, uban ɗiyan. Tahi da shi. In kar riƙe shi hal kasuwar Goronyo ta ci ta watse, kwikwiyo naka na. In ko yad dawo rugga da ƙahwa tai, to shi yay yanke hukunci, ba ni ba. Amma akwai hali guda da shika da shi, wanda ya kamata..."

"Baffa, ni za a gaya ma halin kare?"

Baffa Sa'adu ya dube shi, ya dubi karen, ya miƙa masa igiyar da ya gama tufkawa. Ya zamana tsohon ne ya ɗaura wa karen ita a wuya, don Atiku ya ce a ƙa'idar horo mai horarwa ba ya fara taɓa kare a ranar farko.

Haka suka shigo gari, Ɓaleri a gaba, Atiku a can ƙarshen igiya, hannu a miƙe. Inda karen ya tsaya, nan Atiku yake tsayawa. Inda ya karkata, nan Atiku yake cewa dama can za su. A bakin tasha ya sanar da jama'a cewa daga yau sunansa Kwamanda.

"Kwamanda, zauna!"

Karen ya tsaya yana kallon tandar Mas'uda.

"Kwamanda, tsaya!" Atiku ya juya ga jama'a. "Kun gani?"

"Ce mashi shi yi numfashi," in ji Mas'uda, "mu ƙara ganin ilimi."

Suna shiga gida, kafin Atiku ya gama neman inda zai ɗaure shi, Ɓaleri ya nufi randar Inna, wadda aka bari a buɗe, ya tsoma baki ya sha ya ƙoshi. Inna Kaltume ta yi salati. Ta zubar da ruwan, ta ajiye wa Atiku randar a gabansa da soso.

"Wanki bakwai. Kuma da hannunka."

Yana kan na uku karen ya lashi ƙwaryar fura. Yana kan ƙwaryar ya lashi butar alwala. Kafin azahar babban shugaban kamfani yana durƙushe a bakin magudana, ya naɗe hannun riga, kwanuka jere a gabansa suna jiran layi, ya kuma je rijiya ya dawo har kafaɗarsa ta fara magana.

Da yamma ya sayo kifin gwangwani, ya buɗe a gaban maƙwabta, ya tura wa karen da sanda. Ɓaleri ya shinshina, ya yi atishawa, ya juya masa baya. Atiku ya ce gwaji ne, kare mai horo ba ya karɓar abinci a gaban baƙi. Da mutane suka watse ya cinye kifin da kansa. Inna ce ta ji tausayin dabba, ta dama masa ɗumamen tuwo da tsala, ya lashe tas. Shi ma wannan kaskon Atiku ne ya wanke.

Washegari ya ce ma'aikaci ba ya fita aiki da datti. Ya kawo bokiti da sabulu, ya ɗaura buhu a gaba kamar mahauci, ya sami doguwar sanda ya ɗaura soso a bakinta. Ruwan farko da ya sauka a bayan Ɓaleri, karen ya girgiza, ya ja da baya, wuyansa mai sabulu ya sulluɓe daga igiya. Sai ƙurar ƙafarsa a zaure.

Atiku ya tsaya da igiya a hannu. Kwikwiyo mai safa ya tafi ke nan, kuma labarin zai riga shi isa teburin shayi. Ya yi waje ba takalmi, ya dawo ya ɗauki takalmi, ya sake fita, ya yi hanyar Taloka da gudu har ya wuce gonaki bai ga ko wutsiya ba. Ya juyo yana tsara ƙaryar da zai yi. Tun daga kan kwana ya ji hayaniya a ƙofar gidansu.

Abin da Baffa Sa'adu ya so gaya masa ke nan. A ruga, aikin Ɓaleri ɗaya ne tun yana ƙarami: duk dabbar da ya gani tana yawo ita kaɗai, ya koro ta cikin shinge, ya kwanta a ƙofa. Bai san dabbar wani ba, bai san ta gari ba. A wurinsa abin da yake yawo ɓatacce ne. Awakin Goronyo kuwa yini suke yi suna yawo.

Tsakar gidan Inna Kaltume ya cika da awakin unguwa. Wata ta hau turmi, wata ta tura kai a buhun dusa, wani bunsuru ya tsaya a kan shanyar kuka yana ci yana kallon mutane. Ɓaleri na kwance a bakin zaure, duk akuyar da ta nufo ƙofa sai ya ɗaga mata leɓe ta koma. Mata sun taru a waje kowa tana kiran tata.

"Atiku, sata kak koyo Ikko?"

"Zamanin ga da aka kore dabbobi da bindiga, kai da kare kaka kora?"

Ana cikin haka sai ga Malam Almustapha, limamin unguwa, ya kutso yana leƙe. Ya ɗaga hannu sama.

"Allahu akbar! Tunkiyata ta! Wagga da tab ɓace tun kahin a kwashe albasa!"

Ai kuwa ga ta a lungu, ta rame, da guntun igiya a wuya. Inda karen ya samo ta, shi kaɗai ya sani. Atiku ya ji iska ta dawo masa. Ya gyara hula.

"Malam, ni nit tura shi. Wanga shi aka ce ma sashen bincike. Sauran awakin shaidu na."

Daga ranar abu ya ƙi tsayawa. Ɓaleri ya gane yadda ake sulluɓe igiya ko ba sabulu. Ya kawo tumaki, ya kawo agwagi suna tafe suna mita, ya kawo maraƙin wani baƙo. Ran nan ya koro jaki da mangalar yashi a bayansa, mai jakin na biye yana gyara mazagi, don ya ɗan ratse ne bayan katanga. Duk wanda dabbarsa ta yi jinkirin dawowa sai ya wuce gidan Kaltume kai tsaye, ya yi sallama, ya ce ya zo duba ko an kawo. Inna ta daina shanya. Atiku ya zama mai share kashin awaki safe da yamma, ga wankin kwanuka bai ragu ba, ga tuwon karen daga nasa kason ake ɗiba, don Inna ta ce tukunyarta ba ta san da ma'aikaci ba. Wandonsa ya fara zamewa. Ga shi ba ya iya zuwa ko kallon ƙwallo, don da ya juya baya Kwamanda ya fita aiki.

"Mai da karen ga inda kaɗ ɗauko shi," in ji Inna.

"Inna, kasuwa ta kusa. Ki yi haƙuri, suna na ka tashi."

"Warin gida na ka tashi."

Da zai kama bakinsa ya zauna a zaure riƙe da igiya har kasuwa ta watse, da ya ci. Amma labarin tunkiyar liman ya zagaya gari, kuma Atiku ya ji a jikinsa cewa irin wannan suna ba a ɓoye shi a zaure. Ranar kasuwa ya goge baƙaƙen kayansa, ya rataya usur, ya ja Ɓaleri, ko kuma Ɓaleri ya ja shi, suka nufi kara, inda ake cinikin dabbobi.

Kara na da tsarinta. Kowane dillali da turakunsa. Wanda aka saya a ɗaure shi nan, wanda ake ciniki a ɗaure shi can, wanda mai shi ya je salla a bar shi a turken amana. Tumakin Goronyo kuwa farare ne masu baƙin kai, ko baƙaƙen kai masu farin jiki, duk ɗaya. Turke shi ne shaida. Kawu Maccido, babban dillali, yana zaune a kan benci yana taunar goro ya hango su.

"Ɗan Abdulƙadiri, hitar muna da karen ga, kar shi tsorata muna kaya."

"Kawu, taimako nik kawo muku. Wanga wahala ta turke da igiya ta ƙare. Kwamanda shina gane dabbar kowa ta wari. Ku kwance su, ku gauraya, shi ware ma kowa nashi."

"Shi wa yag gaya mai nawa?"

"Shinshina hannunka kawai za shi yi."

"Ka taɓa gwadawa?"

"Kawu, wanda yat tara ai shi ka rabawa. Aiki guda na, gaba da baya."

Jama'a suka fara taruwa. Wani ya ce ai shi ne ya gano tunkiyar liman. Wani ya ce a gwada, ko ba komai a yi dariya. Mas'uda, wadda take kawo waina kara duk ranar kasuwa, ta sauke farantinta ta nemi wuri mai kyau ta tsaya.

"Kawu, ka yarda mashi. Yau nika son in ga firijin nan."

Kawu Maccido ya kwance raguna kaɗan daga cikin waɗanda aka riga aka saya. Dillalin kusa da shi ya kwance nasa, na gaba ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Aka kora su tsakiyar fili suka cakuɗe. Aka kawo hannuwa Ɓaleri ya shinshina, wanda ya ci kilishi ma ya lasa masa, mutumin ya tafi neman ruwa yana tsaki. Atiku ya cire igiya, ya ja da baya, ya cika ƙirji, ya busa usur.

"Kwamanda, ware!"

Ɓaleri ya ɗaga kai. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin ɓatattun dabbobi masu yawa haka a wuri ɗaya ba. Ya kwantar da kunne, ya yi ƙasa da ciki, ya zagaya ragunan sau ɗaya ya dunƙule su. A daidai lokacin wata mota ta gama sauke tumaki daga ƙauye, ba a kai ga ɗaure su ba. Ya zagayo ya haɗa da su. Tumakin da ke turke suka ga 'yan'uwa sun tafi, suka fara fizga. Turaku suka fara tashi. Awaki ba su jira gayyata ba.

"Tsai da shi!" Kawu Maccido ya miƙe, goro ya faɗo daga bakinsa.

"Mataki na hwarko na, Kawu! Sai an tara aka warewa!"

"Tsai da shi, ɗan banza!"

Atiku ya busa usur. Ƙarar ta ƙara wa tumakin gudu. Ya sake busawa, wani ɗan bijimi ya tsinke igiya ya shiga sahu. Ɓaleri ya duba yawan abin da ya tara, ya san tsakar gidan Kaltume ba za ta ɗauka ba. Shinge ɗaya ya sani mai girman haka. Ya juya kan garken zuwa hanyar Taloka.

Nan Atiku ya tuna sharaɗin Baffa Sa'adu. In karen ya taka ruga da ƙafarsa, magana ta ƙare. Ya yanke ta layin masu albasa, ya tsallake buhu, ya taka tarin da aka kasa, ya zame, ya tashi, ya sha gaban garken a bakin hanya, ya ware hannuwa yana ihu. Tumakin suka rabu biyu suka wuce shi ta dama da hagu, suka haɗe a bayansa. Ya tsinci kansa a tsakiya.

Ya nufi gefe zai fita. Sai ga Ɓaleri a gabansa, leɓe a ɗage. Ya koma. Ya gwada ɗaya gefen, ya ji haƙora sun kama masa ƙafar wando a dunduniya, ba cizo ba, tunatarwa. Ya koma da sauri. Wani rago ya tura shi ta baya. Ba shi da zaɓi, ya bi tafiya.

Haka Goronyo ta gan su. Garke a gaba yana ta da ƙura, baƙar hula na tsalle a tsakiyarsa. Bayansu dillalai da sanduna, bayan dillalai masu dabbobi, bayan su waɗanda suka saya, bayan su 'yan kabu-kabu suna ɗaukar duk mai son kallo. Masu noman rani suka bar injin ban ruwa suka fito bakin hanya.

"Atiku, ina za ka da kasuwa?"

"Atisaye na!" Yana haki. "Ku ba mu hanya!"

Mas'uda ta zo daidai da shi a bayan babur, faranti a cinya. "Shugaba, kai ka kora ko kai aka kora?"

Takalmin Atiku ɗaya ya riga ya zauna a baya.

Baffa Sa'adu yana gindin aduwarsa ya hango ƙura. Ya tashi a hankali ya janye ƙayar ƙofar shinge. Ɓaleri ya zuba garken ciki har na ƙarshe, ya kwanta a ƙofa, harshe waje, yana kallon maigidansa kamar mai cewa ga su nan, ba wanda ya ɓata.

Jama'a suka iso kowa na magana lokaci ɗaya. Wanda ya sayar yana cewa nasa ne tunda ba a kai ga miƙa igiya ba, wanda ya saya yana cewa nasa ne tunda an yi sallama. Mutum biyu suka kama rago ɗaya da ido suna musu. Kawu Maccido yana neman Atiku da sanda, karen ya hana shi shiga.

Baffa Sa'adu ya ɗaga hannu. "Ku saurara. Nan rugga ta, ba kara ba. Ɓaleri ba shi barin komi shi hita sai na aza mashi sanda. Kowa shi zo shi hwaɗi alamar dabba tai, in duba, in hidda mashi."

Aka yi layi. Wannan ya ce nasa na da tsaga a kunnen hagu. Wancan ya ce ƙahon nasa ɗaya ya karye. Wata tsohuwa ta ce tata tana amsa sunan Habi, ta kira, akuya ta taho. Masu sayen da ba su san komai ba sai kitsen ragon suka koma roƙon masu sayarwa su tuna musu. Baffa yana aza sanda, Ɓaleri yana matsawa, dabba na fita. Atiku ya bi bayan wani rago a duƙe zai sulale, karen ya tashi tsaye. Atiku ya koma ya zauna a kan kwatarniyar ban ruwa, ya ce dama yana sa ido ne a kan aikin.

Rana ta karkata, shinge ya yi fili. Ɗan bijimin ya fita. Akuya ta ƙarshe ta fita. Ba wanda ya tafi gida, kowa ya riƙe dabbarsa ya tsaya, don saura ɗaya a ciki, mai ƙafa biyu da takalmi ɗaya.

Baffa Sa'adu ya jingina da sandarsa. "Wa ad da wanga?"

Wani ya yi tari.

"Baffa, ni na hwa, Atiku."

"Dabba ba ta shaidar kanta. Maccido, naka na?"

"Ko kyauta ban ɗauka."

"Mas'uda?"

"Baffa, duba mashi haƙora tukuna. In ya yi arha in kai shi shi riƙa yi min ihun talla."

Dariya ta tashi har shanun ruga suka waiwayo. Ana cikin haka wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, Inna Kaltume ta sauko tana gyara mayafi. Labari ya iske ta gida. Ta ratsa jama'a ta zo bakin shinge, ta dubi ɗanta, ƙura tun daga hula har ƙafa, gashin tumaki manne a baƙaƙen kayan Ikko.

"Sa'adu, wanga nau na."

"Kaltume, ƙa'ida guda ta ga kowa. Hwaɗi alama."

"Inna, don Allah," in ji Atiku.

"Shina da tabo ga ɗuwawun dama. Kwikwiyo yac cije shi shina ƙarami, garin gudu. Kwikwiyon ko ido bai gama buɗewa ba."

Kawu Maccido ya zauna a ƙasa don dariya. Wani daga baya ya ce ai kowace alama sai da aka duba. Atiku ya dafe bayan wandonsa da hannu biyu.

"Ba sai an duba ba," in ji Baffa Sa'adu. "Nan rugga anka yi. Ni niɗ ɗauke shi."

Ya miƙa sanda ya aza a kafaɗar Atiku. Ɓaleri ya matsa. Atiku ya fito yana ɗingishi, ya karkaɗe hula, ya dubi inda kwikwiyo mai safa yake kwance yana tsotso. Ya gyara murya.

"Baffa, in an duba da kyau, kasuwa ta watse kahin shi iso. Ni niw watsa ta da kaina."

Tsohon ya yi murmushi, ya sunkuya ya shafa kan Ɓaleri.

"Kwikwiyo bai isa rabuwa da uwa tai ba tukuna," ya ce. "Kai ma haka. Kaltume, ja abinki."